Muryar da Ke Tsallaka Katanga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Baba ya riga mu tafiya. Ya rasu a Paraku, a gidan Yaya da ke unguwar Kpébié, wata Talata da hantsi, aka binne shi bayan la'asar. Kafin a gama yi masa wanka labari ya kai Jugu, garin da aka haife shi aka haife mu.

Masu gaisuwa sun zo iri-iri. Wani tsohon abokin cinikinsa na goro ya sauko daga zemijan, wato babur ɗin haya, yana dafa bango, bai ko gama sallama ba ya ce, "Yau zongon Jugu ya kurumce." Ya nemi tabarma ya zauna. Samarin nan masu ɗage wando, irin waɗanda a da suke kiran Baba matsoraci, sun zo a ayari, suka ce namiji ya tafi, wanda bai san tsoron hukuma ba. Abokan aikin Yaya kuma suka zo da kwat da turare, suka riƙe hannunsa suna cewa, "C'était un sage," wai dattijo ne da ya san lokacin yin shiru. Ina zaune a ƙofar falo ina jin su, kowa yana jan Baba zuwa ɓangarensa. A cikin duk mutanen da suke yabo ban ga ubana ba.

Abin da ya tsaya mini a rai maganar ƙaramar 'yata ce. Da ta ji ana ta cewa murya, murya, sai ta taɓo ni ta ce, "Mama, ashe Kaka yana da murya?" Ita tsohon da ta sani shi ne mai zama a kujerar roba bayan ƙofar ƙarfe, waya manne a kunne, leɓɓansa suna motsi ba sauti. Saboda ita nake wannan rubutu, da 'yan'uwanta, da duk wanda ya tarar da ƙarshen Baba bai ga farkonsa ba.

Baba ɗan kasuwa ne. Goro yake sayarwa kamar ubansa da kakansa, waɗanda suka biyo ayarin Gwanja suka yada zango a Jugu ba su ƙara tashi ba. Amma ba da goro aka san shi ba. Shi ne mai ɗaga wa Malam magana. A wurinmu babban malami ba ya ihu a taro, zubar da girma ne. Malamin zongonmu kuwa ko ya so ba zai iya ba, muryarsa siririya ce, sai wanda ke gwiwa da gwiwa da shi ke ji. Sai ya faɗi magana ɗaya ya dakata. Baba da ke tsaye a gefensa ya ce, "Malam ya ce!" ya maimaita da Hausa, ya sake da Dendi, yaren garin, saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Wa'azin bayan la'asar, tafsirin azumi, suna, sadakar mamaci, duk haka ake yi. Kada ka kuskura ka kira shi sanƙira. Zai dube ka sama da ƙasa ya ce shi bai taɓa yabon kowa don a miƙo masa wani abu ba.

A ƙofar zauren gidanmu ake zaman, kuma Baba yana da wata irin tsayuwa da ke ba maza haushi. Ba ya fuskantarsu sosai. Sai ya karkace, rabin fuskarsa ga jama'a, rabi ga katangar cikin gida. An sha yi masa magana. Amsarsa ɗaya ce: "Ku kuna ganin bakin Malam. Su fa?"

Su ɗin mu ne. Inna, Allah ya jiƙanta, da Gwaggo ƙanwar Baba, da matan maƙwabta da ke shigowa da tsintsiya a hannu kamar aro suka zo. Da an ji "Malam ya ce," taɓarya ta tsaya. Hukuncin tsarki, haƙƙin maƙwabci, yadda ake yi wa mace wankan gawa, duk a bakin Baba na koye su, hannuna cikin ruwan wanke-wanke. Na girma har na yi aure ban taɓa jin muryar Malam da kunnena ba. In na tuna wata aya ko hadisi yau, da muryar Baba take zuwa mini, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya juya zuwa Dendi.

Abu biyu aka san shi da su a wannan aiki, kuma su ne suka jawo masa duk rigimar da ya sha a duniya. Na farko, ba ya rage magana. Wata rana Malam ya hau kan 'yan goro masu shimfiɗa mai kyau a saman huhu su ɓoye mai tsutsa a ƙasa. Manyan alhazan goro suna sahun gaba, abokan Baba ne, wasu ma surukai. Wani ya yi gyaran murya, wani ya ɗan ja masa bakin riga. Baba ya faɗe ta yadda ta fito, ya sake da Dendi, har da tsutsar. Da ya shigo gida Inna ta ce, "Haba Maigida, ai ka ɗan shafa mata mai." Ya ce, "In na shafa mata mai ta zama tawa. Ni kuwa cewa na yi Malam ya ce." Washegari sai ga shi ya zazzage huhunansa a tsakar gida yana tsince masu tsutsa, yana gunaguni wai magana ta bi ta bakinsa ta dawo ta cije shi.

Na biyu, ba ya ɗaukar zagi. An taɓa kawo wani baƙon mai wa'azi, matashi, ya dawo daga karatu a waje, bakinsa kamar reza. Aka ba shi wuri don girmama baƙo, Baba ya tsaya masa. Da farko lafiya lau. Ya ce bidi'a ta yi yawa a gari, Baba ya ɗaga. Ya ce wasu al'adun da muke yi a wurin biki ba su da asali, Baba ya ɗaga, ko da yake na san bai ji daɗi ba. Sai kawai muka ji shiru a cikin gida. Ana jin ɗan ƙus-ƙus na baƙon daga nesa, amma muryar Baba ta ɗauke. Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce, "Wa ya yi zagi?"

Ashe baƙon ya kama sunayen tsofaffin malaman gari ɗaya-ɗaya yana fitar da su daga Musulunci, ya koma kan maƙwabtanmu masu zuwa coci ya kira su da sunan dabba. Baba ya harɗe hannu a ƙirji ya zuba wa ƙasa ido. Baƙon ya juyo ya ce, "Baba, ka isar mana." Baba ya ce, "Ɗana, ban riƙe maka baki ba. Naka ne, ka buɗe shi iya ƙarfinka. Amma wannan ba za ta bi ta nawa ba." Tun daga ranar samari suka sa masa suna matsoraci, mai toshe gaskiya. Mu kuwa mata muka samu ma'auni. In muryar Baba ta ɗauke a tsakiyar wa'azi, ba sai an gaya mana ba, wani ya saki baki.

Da mikro, wato makirufo, ya shigo gari an ɗauka aikinsa ya ƙare. Malam ne ya ƙi. Ya ce shi ba zai yi magana cikin gwangwani ba. Baba kuma ya riƙa kiran abin "ƙanena marar kunya," wai duk abin da aka zuba masa sai ya amayar, ba ya tambayar mai kyau ne ko marar kyau.

Bayan rasuwar Inna jikinsa ya fara ƙi. Hawan jini, ga ƙafa tana kumbura. Yaya ya ce ba zai yiwu a bar shi a Jugu ba, likita na Paraku, mu ma muna Paraku, ni ina unguwar Albarika da shagon ɗinkina. Aka ɗauko shi yana waiwaye. Yaya ya yi masa duk abin da ɗa ke yi wa uba, wannan ko gaban Allah zan faɗa. Ɗaki mai fanka, magani a kan lokaci, tuwon dawa irin wanda yake so. Sai dai Kpébié ba zongo ba ne. Unguwar ma'aikata ce, kowane gida da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, kowa ya shige da motarsa a rufe. Baba ya ce mini bai taɓa ganin inda mutane ke da yawa haka kuma ba kowa ba.

Shi ya samo wa kansa dabara. Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin zaman Malam a Jugu, sai a kira wayarsa daga can, a ajiye wayar mai kiran kusa da bakin Malam. Baba ya fito ƙofar gida ya manna tasa a kunne, ya karkace kamar yadda ya saba, ya ce, "Malam ya ce!" Da farko mai gadin gidan da ke kallonmu ne kawai ke saurare. Sannan masu zemijan suka fara tsayawa. Sannan matan da ke aiki a gidajen unguwar, da 'yan Jugu mazauna Paraku da suka ji labari. Nakan rufe shago in zo in zauna daga cikin ƙofa, don a waje ba na jin daɗinsa, na saba da muryar tana tsallako katanga. Kumburin ƙafarsa ma ya sace a watannin nan, ko dai ni ce nake ganin haka.

A nan ma bai canza ba. Akwai coci a bayan layin, ranar Lahadi lasifikarsu har cikin ɗaki. Wasu samari suka zo su ce ya shige musu gaba a kai ƙara. Ya ce, "Mutum yana kiran Ubangijinsa yadda ya sani, in je in ce a kashe masa murya? Gobe in an zo kan ladaninmu me zan ce?" Ya sallame su da goro. Faston kuwa duk safiya in zai wuce sai ya tsaya sun gaisa, yana kiransa Papa.

Rigimar ta taso ne daga wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta da ta ce 'yan mata su cire kallabi a bakin ƙofa. Iyaye suka kai kuka, maganar ta kai kunnen Malam. Ranar Juma'a ina wurin, da kunnena na ji. Baba ya ce, "Malam ya ce, kada a sa yarinya ta zaɓa tsakanin karatu da rufe kanta, duka biyu haƙƙinta ne. Malam ya ce, ku je ku yi magana da masu lakwal cikin ladabi. In sun ƙi, ku cire 'ya'yanku ku kai su inda za su yi karatu da kallabinsu." Wani ya ɗauka a waya. Abin da ya zagaya gari kuwa guntu ne: tsoho mai rawani, jijiyar wuya a tashe, yana cewa, "Ku cire 'ya'yanku!"

Shekarun nan kowa ya san yadda ake ɗar-ɗar da mai rawani saboda abin da ke faruwa can wajen iyaka. Waɗanda ba su taɓa ganin Baba ba suka yi ta rubutu da Faransanci a ƙarƙashin hoton, wai ga masu hana 'yan mata karatu sun iso Paraku. Mutumin da ya kai ni lakwal da hannunsa! Delege, wato mai unguwa, ya zo gida da fara'arsa ya ce ba hanawa ake ba, shawara ce. Aka kira Yaya a buro, wato ofis, aka tambaye shi ko ya san abin da ake yi a ƙofar gidansa.

Yaya ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ya yi masa doguwar magana ido da ido. In abu ya yi nauyi sai ya bi ta kaina. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini. Ranar muna falo mu uku, Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, s'il te plaît, don Allah a bar zaman nan. Ƙasar nan laïque ce, hukuma ba ruwanta da addini. Addini a zuci yake, ba sai an fito titi ba."

Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, tambayi yayanki, in a zuci kawai yake, don me aka yi wa ladan murya?"

"Baba, ba wannan ba ne. Ba ka ga abin da suke rubutawa ba. Za su iya zuwa su ɗauke ka, da wannan ƙafar taka."

"Uwata, ce masa mashayar da ke kan kwana tana kiɗa har gari ya waye, ba wanda ya kira mai ita a buro. A radiyo ana yi wa masu salla dariya, an ce wannan liberté ce, wai 'yanci. Ban ce a hana su ba. Amma kowa yana da baki a garin nan sai ni? Ce masa ya nuna mini zagi ɗaya a cikin abin da na faɗa, in ya samu ni da kaina zan rufe."

Na juya ga Yaya zan maimaita, ya ɗaga mini hannu, ai ya ji. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Babu zagi. Amma ina da 'ya'ya, kuma ina da uba ɗaya."

Baba ya ce, "Gidansa ne. Ce masa na ji."

Ni ban ɓoye ra'ayina ba a ranar, ba zan ɓoye shi yau ba. Yaya ba mugu ba ne, tsoro ya ji, kuma tsoronsa yana da dalili. Amma an zalunci Baba. Masu yawan kiran 'yancin magana na lura da su, 'yancin nasu na mai ba'a ne da mai kiɗa. In dattijo ya tsaya da rana tsaka ya faɗi abin da addininsa ya ce, ba zagi ba tsinuwa, sai a fara neman sunan da za a laƙaba masa. Masu ɗage wandon ma da suka yi ta yaɗa guntun hoton suna kabbara ba su fi su ba, su ma ba duka maganar suke so ba.

Bai sake fita ƙofa ba. Ranar Juma'a ana kiran wayar kamar kullum, ya zauna a kujerar roba daga ciki, ya manna ta a kunne, leɓɓansa suna bin Malam. Wani lokaci sai in ga ƙirjinsa ya cika kamar zai saki, sai ya haɗiye. Wata Juma'a na kawo masa fura, ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, matan Jugu in sun ji na yi shiru sun san an yi zagi. Ga shi na yi shiru, kuma ba wanda ya zagi kowa. Wa zai gaya musu?" Na ce ya sha furarsa kada ta tsinke. Ina kewar mutumin nan. Na fara kewarsa tun yana zaune a gabana.

Sadakar uku a Jugu aka yi ta, a gidanmu na gado. Maza suka cika ƙofar zaure, mu muka cika tsakar gida, kowace a inda ta saba zama, sai wurin Inna da aka bari ba wanda ya ce a bari. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, tunani yana zuwa yana komawa. Aka zaunar da ita jikin katanga. Muka ji an kunna mikro ya yi ƙara, muka ji an kashe. Daga baya aka ce mana Malam ne ya ture shi da bayan hannu.

Sai muka ji ɗan ƙus-ƙus ɗin nan daga nesa. Malam ya faɗi magana ɗaya ya dakata, kamar yadda ya saba dakatawa tun kafin a haife ni. Ba abin da ya tsallako. Ya sake faɗa, ya sake dakatawa. Tsakar gida ta yi tsit, ko yara ba su motsa ba. Gwaggo ta ɗaga kai ta juya kunnenta ga katanga ta ce, "Wa ya yi zagi?"

A nan ne kukan da na riƙe tun Paraku ya ƙwace mini. Matan da ke kusa da ni ma suka rufe fuska da mayafi.

Muna cikin haka wata murya ta taso daga waje. Ba ta da kaurin ta Baba, irin ta mutumin da ya saba magana a buro da ƙofa a rufe. Ta ce, "Malam ya ce." Ta tsaya, ta ƙara ƙarfi. "Malam ya ce, bawan Allah nan bai taɓa rage masa magana ba, bai taɓa ƙara masa ba." Yaya ne. Ya sake da Dendi, Dendin nasa duk ya yi tsatsa, wata tsohuwa ta gyara masa kalma daga cikin gida.

Malam ya yi ƙus-ƙus ya dakata. Wannan karon shirun ya ɗan yi tsawo. Sannan muryar ta dawo, kuma daga yadda ta faɗo tsakar gida na san ya karkato fuskarsa ga katanga.

"Malam ya ce, an rufe bakin bawan Allah nan da ransa, alhali gaskiya ce a ciki, kuma wannan ba daidai ba ne. Malam ya ce, masu yanka magana suna ciki, masu tsoron magana suna ciki." Ya yi ɗan tari. "Malam ya ce, ɗansa na fari yana ciki. Malam ya ce, tsoro ne ya sa shi, ba ƙiyayya ba, ku roƙa masa gafara tare da ubansa."

Ya sake ta da Dendi, tun daga farko, bai tsallake ɗan fari ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya sa abin da ya isar mana ya zama shaida a gare shi. Mata suka amsa da amin, ni ina ta sheshsheƙa na kasa. Gwaggo ta laluɓo gwiwata ta ɗan buga ta ce, "Ke, ba zagi ba ne. Yi mana shiru mu ji abin da Malam ya ce."